NPC Ta Uku: Littattafan Mutanen Gari a Wasan Shiga Labari da Rigimar da Ta Taso a Kansu

Idan aka ce NPC a gaban dattijon Sakkwato da ya haura shekara 80, jam'iyyar Sardauna ce za ta faɗo masa a rai, ta masu kirarin "Salama", wadda ta riƙe mulkin Jihar Arewa har zuwa Janairun 1966. Ma'aikacin gwamnati kuwa zai ɗauka Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ake nufi, wadda rabonta da ƙirga ƴan Najeriya tun 2006. Amma ɗalibin Jami'ar Danfodiyo da ya rubuta wa abokinsa a WhatsApp cewa "kai dai wallahi NPC ne", ba siyasa yake yi ba, ba kuma zancen ƙidaya ba ne. Tsokana ce, kuma fassararta mafi kusa a Hausa ita ce ɗan amshin Shata.

Wannan NPC ta uku daga duniyar wasanni ta fito. Tana da littattafai nata tun wajen ƙarshen shekarun 1970, kuma daga 2023 zuwa yau an yi ta kafa sababbin ƙa'idoji a kanta: an saki wani lasisi, wasu kamfanoni sun haramta wa marubutansu amfani da ƙirƙirarriyar basira, masu aron murya a Amurka sun yi yajin aiki na kusan shekara. Labaran suna iso mana guntu-guntu ta waya, shi ya sa ake cakuɗa su.

## Wasan da babu allo

Yawancin matasan da suka san kalmar a gidan gem suka tsince ta, amma a kan tebur aka haife ta, tun kafin kwamfuta ta shiga gidaje.

A ɗauka mutum biyar ne zaune a zaure bayan la'asar. Huɗu daga cikinsu kowa ya ƙirƙiri mutum guda da zai shiga rigarsa: wannan maharbi, wancan ɗan fatake, na uku almajiri mai yawon neman ilimi, na huɗu tsohon dogari. Na biyar ba shi da mutum guda. Shi ne jagoran wasa, shi ke faɗin abin da ake gani da abin da ya faru.

Jagora ya ce, "Kun iso bakin ganuwa rana na shirin faɗuwa. Sarkin ƙofa ya fara jan ƙyaure."

Mai rigar ɗan fatake ya ce, "Zan matsa in gaishe shi. Baba, sannu da aiki. Fatake ne mu, daga Jega muke."

Sai jagora ya sauya murya, ya ƙanƙance ido: "Hwatake? To ina jakkanku? Mi kunka ɗauko?"

Wannan sarkin ƙofa shi ne NPC. Haruffan taƙaitawa ce ta Turanci da ke nufin mutumin cikin labari wanda babu ɗan wasan da ya shiga rigarsa. Jagora ne ke ara masa baki, haka ma mai tuwon da za a sauka wurinta, da alƙalin da za a kai ƙara gabansa, da ɓarawon da zai yanke aljihun maharbi a kasuwa. A wannan rubutu za a kira su mutanen gari, wasan kuma wasan shiga labari.

Bambancinsa da tatsuniya shi ne masu sauraro ba "ta zo mu ji ta" kaɗai suke cewa ba. Su ne Gizo, su ke zaɓar abin da zai yi, mai ba da labarin kuma bai san inda za a ƙare ba. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. A kalankuwa samarin ƙauye kan naɗa gwamnansu da alƙalinsu da likitansu bayan kaka, kowa ya riƙe matsayinsa har a watse. A wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa. Tashe ma haka. Abin da Turawa suka ƙara shi ne takarda da lissafi: idan ana shakkar ko ƙaryar ɗan fatake za ta shiga kunnen sarkin ƙofa, sai a jefa dayis irin na lido, sai dai wannan fuska 20 gare shi, a haɗa abin da ya fito da makin da ke rubuce a takardar ɗan wasan.

## Daga ƴan dako zuwa masu hali

Wasan da ya buɗe wannan kasuwa shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974 ta hannun kamfanin TSR a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin a Amurka. Tun a wannan bugu na farko akwai sashe a kan mutanen gari, amma kallon da aka yi musu na ƴan haya ne. Jarumi zai shiga kogo neman dukiya, yana buƙatar mai riƙe masa fitila, da mai ɗaukar kaya, da sojan haya. Makin kwarjininsa ne ke yanke yawan waɗanda zai iya ɗauka da kuma ko za su tsere su bar shi idan ta ɓaci. Duk wanda ya san yadda madugu ke haɗa ayarin zuwa Gwanja sayen goro, da jagaba a gaba da ƴan dako a baya, ya gane tsarin.

Matsalar da ta haifi littattafan mai sauƙin fahimta ce. Ɗan wasa mutum ɗaya yake riƙe da shi, jagora kuwa gari guda. Ya kwana yana shirya fadar sarki, ƴan wasa su ce su kasuwa za su, su tsaya gaban mai gyaran takalmi su tambaye shi sunansa da na mahaifinsa. Ƙirƙirar mutum ɗaya bisa ƙa'idar wasa tana cin lokaci, ga jefa dayis, ga cike takarda. Sai masu buga littattafai suka ga kasuwa.

A 1978 kamfanin GDW ya fitar da 1001 Characters don wasan Traveller na tafiye-tafiyen sararin samaniya. Kusan duk littafin jerin lambobi ne, layi bayan layi, kamar rajistar makaranta. A 1980 TSR ya fitar da The Rogues Gallery, shi ma ɗaruruwan mutane ne shiryayyu da makinsu. A 1982 Flying Buffalo ya sauya salo da littafin farko na jerin Citybook, inda ake ba da shago, da mai shagon, da halinsa, da irin rigimar da za ta iya tasowa daga wurinsa, ba tare da an ɗaure shi da ƙa'idar wasa guda ba. Tun daga nan hanya ta rabu biyu, har yau kuma ba ta haɗe ba.

## Me ke cikin littattafan?

Kashi na farko littattafan lissafi ne. Misalinsu NPC Codex na kamfanin Paizo, wanda ya fito a 2012 da mutane fiye da 300, kowanne da makinsa da makaminsa da dabarar faɗansa. Amfaninsu a fili yake: faɗa ya ɓarke ba shiri, jagora ya buɗe shafi ya ci gaba.

Yana da kyau a ga yadda irin wannan shafi yake. A ƙa'idojin Dungeons & Dragons na 2014 akwai shafin talaka. Ana auna kowane mutum da siffofi shida: ƙarfi, zafin nama, juriya, kaifin ƙwaƙwalwa, hikima da kwarjini. Talaka 10 yake da shi a kowanne, wato tsaka-tsaki a komai. Makin ransa 4 ne, sara ɗaya ya ishe shi. Makaminsa kulki. Makin ran dogari 11 ne, na basarake 9. Shafin bai ce komai a kan ko talakan nan yana da ƴaƴa ko ana bin sa bashi ba, domin ba don haka aka yi shi ba. An yi shi ne don a san abin da zai faru idan aka buge shi.

Kashi na biyu littattafan hali ne. Masks, wanda Engine Publishing ya fitar a 2011, mutum 1,000 ne a ciki ba tare da makin faɗa ba: kamanni, yadda yake magana, abin da yake so, tarihinsa a taƙaice. Littafin Jeff Ashworth na 2021, The Game Master's Book of Non-Player Characters, shi ma ya fi karkata nan, da mutane fiye da 500. Da za a rubuta mutumin Sakkwato ta ƙarni na 19 a wannan salo, zai fito kamar haka:

*Baduku ne, shekara kamar 60, yana ɗinka jakunkuna da kuben wuƙa da jar fatar akuya. Babban yatsansa na dama ya kangare saboda basilla. Ba ya amsa tambaya kai-tsaye, sai ya ce "to, haka ake cewa" ya ci gaba da ɗinki. Abin da yake so: labarin ɗansa da ya bi ayari zuwa Agadas shekara uku ke nan. Abin da yake ɓoyewa: dillalin da ke ba shi fata bashi ya sa shi ya riƙa kawo masa rahoton duk baƙon da ya yi cinikin kube. Idan aka kawo masa labarin ɗan, zai faɗi sunan dillalin.*

Babu lamba ko ɗaya a ciki, amma jagora zai iya jan wasa na dare biyu da shi. Akwai buƙata, akwai sirri, akwai ƙofar da ƴan wasa za su iya buɗewa ba da takobi ba.

Kashi na uku jadawali ne kawai. A jefa dayis a sami sana'a, a sake jefawa a sami hali, a sake a sami aibi. Littafin jagoran wasa da Gygax ya rubuta a 1979 yana da irin waɗannan jadawalai. Wani lokaci abin da ke fitowa ba ya haɗuwa, a sami mahauci mai tsoron jini, amma masu son wannan hanya sun ce nan daɗin yake, domin sai jagora ya nemo dalili.

Akwai kuma littattafan da ba na wasa ba ne sam, ƙagaggun labarai ne da suka mayar da ɗan rakiya ya zama tauraro. Drew Hayes ya fitar da NPCs a 2014, labarin mutanen gari huɗu da jarumai suka mutu a gabansu a mashaya, dole ta sa suka ɗauki kayansu suka shiga matsayinsu. Wanda ya je sayen littafi a intanet ya kula da wannan, kada ya sayi labari yana zaton kayan aiki ne.

Su kansu jagororin wasa ba su yarda da juna ba a kan amfanin littattafan. Ɓangare ɗaya na cewa shiryayyen mutum yana ceton jagora daga maimaita kansa, domin idan aka bar mutum da kansa duk mai shagon da zai ƙirƙira murya ɗaya zai yi. Ɗaya ɓangaren na cewa mutumin littafi kamar rigar aro ce, ba ta cika zama daidai ba, kuma lokacin da za a ɓata ana neman shafi ya isa a ƙago wani. Abin da aka fi gani a aikace shi ne jagora ya ɗauki buƙata da sirrin daga littafi, ya sauya suna da gari.

## Yadda kalmar ta zama zagi

Da wasan ya koma kwamfuta, sai aka rasa jagora. Na'ura ba ta ƙago amsa, abin da aka rubuta mata take maimaitawa. Shi ya sa mai gadi a gem zai faɗa maka jimla ɗaya sau ɗari, mai tafiya a titi a gem ɗin GTA zai ci karo da bango ya ci gaba da taka ƙafa. Daga nan ma'anar ta juye. A tebur, mutumin gari shi ne wanda ya fi kowa iya ba da mamaki, tunda ɗan Adam ne ke magana da bakinsa. A allo kuwa ya zama alamar wanda ba ya tunani.

A 2018 masu rigimar siyasa a Amurka suka mayar da kalmar makami, suna zana abokan hamayyarsu da fuska toka-toka marar motsi, har Twitter ya rufe asusu kusan 1,500 a watan Oktoba na shekarar. A tsakiyar 2023 kuma aka shiga yayin masu fitowa kai-tsaye a TikTok suna kwaikwayon mutanen gem, suna maimaita kalma ɗaya duk lokacin da aka aiko musu kyautar kuɗi. Ta waɗannan hanyoyi biyu kalmar ta iso wayoyin Mabera da Runjin Sambo. Uban da ya ji an kira ɗansa haka ya sani ba ashar ba ne, ba kuma sunan ƙungiya ba ne. Ana nufin ɗan bi yarima a sha kiɗa ne. Raini dai yana ciki.

## Lasisin da aka saki

A shekarar 2000 kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya sayi TSR a 1997 kafin Hasbro ya saye shi a 1999, ya fitar da wani buɗaɗɗen lasisi da ya ba kowa damar buga littafi bisa ƙa'idojin wasansa ba tare da biyan ko sisi ba. Da yawa daga cikin littattafan mutanen gari na ƙananan kamfanoni a inuwar wannan lasisi suka tsiro.

A Janairun 2023 aka fallasa wani daftari da ke nuna kamfanin na shirin soke tsohon lasisin, ya kuma karɓi kashi 25 cikin 100 na kuɗin da ya haura dala 750,000 daga manyan masu bugawa. Hujjar kamfanin ita ce yana son hana a yi amfani da wasansa wajen yaɗa ƙiyayya, kuma ba don manyan abokan gasa aka yi lasisin ba tun farko. Masu bugawa suka ce alkawari ne da aka gina sana'o'i a kansa shekara 23, ba a warware shi rana ɗaya. Masu wasa suka yi ta janye rajistarsu daga shafin kamfanin. Ranar 27 ga watan kamfanin ya janye, ya ma zarce abin da aka nema: ya saki kundin ƙa'idojin ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ba a iya janye shi. A Afrilun 2025 ya saki sabon kundin a kan wannan tsari.

Ga mai rubutu da Hausa, ma'anar wannan ita ce yana da damar fassara kundin, ya sauya shi, ya gina littafinsa a kai, har ya sayar, muddin ya ambaci inda ya samo. Abin da ba a sake ba shi ne sunan wasan a matsayin tambarin kasuwanci, da zane-zanen littattafan, da duk abin da ba ya cikin kundin. Kwafar cikakken littafin wani a raba a Telegram kuwa tana nan a matsayin satar fasaha, a can da nan, a Najeriya ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 da aka sa wa hannu a Maris 2023.

## Na'ura ta shigo

Idan manhaja za ta iya ƙago maka baduku cikin daƙiƙa biyar, me zai sa ka sayi littafi mai mutum 1,000? Wannan tambaya ce ta raba masana'antar.

Masu buga littattafan tebur sun fi karkata ga hani. A Maris 2023 Paizo ya sanar cewa ba zai karɓi zane ko rubutun ƙirƙirarriyar basira ba. A Agustan shekarar aka gano wani mai zane ya yi amfani da ita a wani littafin Wizards of the Coast a kan ƙattai, kamfanin ya sauya zanen ya kuma sa hanin a ƙa'idarsa. Masu gem na kwamfuta kuwa sun nufi wata hanyar. Ubisoft ya nuna wata manhaja a 2023 da ke rubuta gajerun maganganun da mutanen titi ke furtawa, Nvidia ya nuna mai sayar da taliya da ake yi wa magana da baki yana amsawa nan take. A Janairun 2024 kasuwar Steam ta kafa doka cewa duk mai sayar da gem ya bayyana inda ya yi amfani da ƙirƙirarriyar basira, idan kuma tana ƙago magana ana cikin wasa, ya faɗi shingen da ya sa mata.

Shingen ba ƙaramin abu ba ne. A Mayun 2025 gem ɗin Fortnite ya saka Darth Vader na fina-finan Star Wars mai amsa magana da muryar marigayi James Earl Jones, da izinin iyalansa. Cikin sa'o'i ƴan wasa suka ja shi ya yi ashar, sai da kamfanin ya yi gyaran gaggawa. A lokacin kuwa ƙungiyar SAG-AFTRA ta ƴan wasan kwaikwayon Amurka tana cikin yajin aikin da ta fara wa kamfanonin gem a Yulin 2024, wanda babban dalilinsa shi ne kada a kwafi muryar mutum ko motsinsa ba da yardarsa da biyansa ba. An dakatar da yajin a Yunin 2025 bayan an cimma yarjejeniya.

Masu goyon bayan na'ura suna cewa ta sauƙaƙa wa marar kuɗi da marar lokaci, kuma a gem tana iya dawo da abin da aka rasa tun da aka rabu da jagora, wato mutumin gari mai amsa abin da ba a shirya ba. Masu adawa suna da hujja biyu. Ta farko ta haƙƙi ce: da rubutun mutane aka horar da ita, ba a tambaye su ba. Ta biyu ta inganci ce, kuma ita ta fi shafar mu. Na'ura daga abin da ta fi karantawa take ɗebowa, abin da aka fi rubutawa kuwa ƙauyen Turai ne mai mashaya da maƙeri mai gemu. Ka ce ta ba ka mutumin Ƙofar Marke, sau da yawa wancan maƙerin za ta naɗa wa rawani.

## Dayis, sihiri da abin da malamai suka karantar

A Sakkwato ba za a yi zancen wasan da ake jefa dayis ba tare da an taɓo fiƙihu ba. Hadisi ya zo a Sahihu Muslim yana kamanta mai wasan nardi, wani tsohon wasa da ake jefa dayis a cikinsa, da wanda ya tsoma hannunsa cikin naman alade da jininsa, Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo wani da ke cewa ya saɓa wa Allah da Manzonsa, Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukan garin nan kuma ta ce wasan nardi da shaɗaranji, wato ces, bai halatta ba. Mafi yawan malamai sun tafi a kan haramcin nardi ko da babu kuɗi a ciki, ƙalilan suka tsaya a kan karhanci idan babu caca.

Masu kare wasan shiga labari suna cewa a nan babu mai ci babu wanda aka ci, ba a sa kuɗi, dayis ɗin raba gardama kawai yake yi. Masu tsanantawa suna cewa nassin bai rataya hukunci a kan kuɗi ba, ga kuma shagala da ke iya cinye lokacin salla. Wannan hukunci na malamai ne, ba na mai sharhi ba. Abin da ya kamata mai tambaya ya kai musu shi ne cikakken hoton abin: akwai wasannin da ba su da dayis ko kaɗan, kamar Amber da ya fito a 1991, kuma littafin hali irin na badukun can ba ya buƙatar a jefa komai.

Batu na biyu shi ne abin da ke cikin labarin. Dungeons & Dragons cike yake da matsafa da gumaka na ƙage, shafukan mutanen garinsa ma akwai boka da mai bautar dodo. Ba Musulmi kaɗai wannan ya dama ba. A shekarun 1980 ƙungiyoyin Kirista a Amurka sun yi wa wasan ca, har bugun 1989 ya cire kalmomin shaiɗan da iblis daga sunayen halittunsa. Sai dai salon wasan daban, abin da aka zuba a ciki daban. Ana yin sa a kan binciken kisan kai, ko tafiyar ayari, ko rikicin gado a gidan attajiri.

## Abin da zai iya shafar mutumin Sakkwato

Kuɗi ne farko. Kowanne daga manyan littattafan Dungeons & Dragons uku da aka sabunta a 2024 da farkon 2025 kusan dala 50 ne. A lokacin da dala ke kai-komo wajen naira 1,500, littafi ɗaya ya haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024, ba a ma sa kuɗin kawowa ba. Don haka ƙofar da ta rage ita ce kundin kyauta, da PDF mai rahusa, da abin da aka rubuta a gida.

Waɗanda za su fi cin moriyar salon ba lalle ne su taɓa yin wasan ba. Marubutan littattafan Hausa na intanet, masu sakin shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, sukan zuba ƙarfinsu a kan tauraro da tauraruwa, a bar direba da ƴar aiki da mai gadi ba su da aiki sai "to Hajiya". Tambayoyi uku na littafin hali, me yake so, me yake ɓoyewa, yaya yake magana, suna iya tayar da su. Malamin tarihi a sakandare ma zai iya raba wa ɗalibai katin majemi da na dillali da na baƙon Balarabe, ya ce su yi cinikin fata, su gano da kansu yadda jar fatar Sakkwato ta ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko. Kayan aikin suna kusa: Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, da bayanan Turawa matafiya irin su Kilafaton da ya zo garin a 1824 ya dawo ya rasu a nan a 1827, da Barth da ya zo a 1853, da tsofaffin da ke tuna yadda Marina take kafin rini ya ja baya.

An taɓa gwada kawo yankunanmu cikin wasan daga waje. TSR ya fitar da Al-Qadim a 1992 a kan duniyar Larabawa ta almara, Atlas Games ya fitar da Nyambe a 2002 a kan Afirka ta ƙage. Wasu sun yaba da ƙoƙarin, wasu sun ce kallon baƙo ne. A 2020 Wizards of the Coast da kansa ya amince cewa yadda tsofaffin littattafansa suka siffanta wasu jinsuna ya yi kama da ƙabilancin duniyar gaske, ya liƙa gargaɗi a kansu. Marubucin gida bai tsira daga wannan tarko ba don kawai ɗan gida ne. Barkwancin Bagobiri da Bayarabe, ko na Bafulatani da Babarbare, yana da daɗi a baki domin ɗayan yana nan zai rama. Idan aka buga shi a jadawali, cewa ƙabila kaza halinta kaza, babu mai ramawa.

Akwai kuma waɗanda mutanen garin nan ba za su lamunci a sa musu magana a baki ba: Shehu, da Nana Asma'u da sauran na Hubbare, da Bello. Rayayyen mutum kuma da aka sa sunansa a littafi aka ce ga sirrinsa, zancen ɓata suna ne a kotu.

Sai shafi ɗaya da ke cikin kundin kyautar nan, na ɗan fashin daji. Makin ransa 11, ladan wanda ya kashe shi maki 25. A Wisconsin wannan abin cike fili ne kafin a kai ga dodo. A zauren da ɗaya daga cikin ƴan wasan ɗan Sabon Birni ne ko Isa, wanda wataƙila an taɓa tara kuɗin fansar wani nasa, shafin yana da wani nauyi daban. Masu wasan sun saba yin wani zama kafin a fara labari, inda kowa ke faɗin abin da ba ya son a taɓo, jagora ya rubuta ya ajiye, kuma ba a tambayar mutum dalili.